Yadda za ku karɓo kuɗin ajiyarku idan za ku tashi daga gidan haya

Assalamu alaikum, ƴan haya na Maraɗi. Ko a Ali Ɗan Sofo kuke ko a Zariya, rigimar kuɗin ajiya iri ɗaya ce, kuma tun ranar shiga gida ake shuka ta.

Kuɗi biyu ne ake miƙa wa mai gida, mutane suna cakuɗa su. Akwai kuɗin watannin gaba, wanda zama ke cinyewa. Akwai na ajiya, wato kosiyo, wanda amana ce a hannunsa, ba a taɓa shi sai don ɓarna ko bashin da kuka bari. A ce haya jika 30 ce a wata, kun ba da jika 120. Ku tabbata takarda ta fito da shi ƙarara: jika 60 na wata biyu, jika 60 na ajiya, da sa hannun mai gida da shaidu biyu. Sa hannun dillali kaɗai ba ya isa, don gobe zai ce shi kuɗin dillancinsa kawai ya sani. Hayar gidan zama a Nijar tana da dokarta ta 1996, amma alƙali ma abin da ke rubuce yake fara dubawa.

Kafin ku shigar da kaya, ku zagaya gidan tare da mai shi, waya a hannu. Ku ɗauki tsagewar bango, tabon yoyon damina a rufi, famfon da ke ɗiga, makullin kowace ƙofa, da lambar da ke kan mitar wuta ta NIGELEC da ta ruwa. Ku tura masa hotunan ta WhatsApp ranar, don kwanan wata ya zauna. Ku kuma tambayi yaushe aka kwashe masai, saboda nan ake yawan yanke wa mutum kuɗin abin da wasu suka cika.

Idan tashi ya zo, ku sanar a rubuce bisa wa'adin da kuka yi da shi. Cewa "Alhaji, ƙarshen wata zan tashi" a bakin masallaci ba shaida ba ce.

Fenti da ya koɗe saboda shekaru, ko rufin da ruwan sama ya lalata, na mai gida ne. Gilashin da yaro ya fasa, ko bangon da kuka huda don na'urar sanyaya ɗaki, naku ne. Gara ku kira magini ku gyara da kanku, ya fi sauƙi da a yi muku ƙiyasi a bayan ido. In an ce za a cire kuɗi, a nuna muku rasiɗin kowane aiki.

Takardar wuta ta ƙarshe takan fito bayan kun tashi, don haka ku rubuta lambar mita tare, a riƙe daidai abin da kuka sha, a ba ku saura.

Makulli kuwa, kada ya bar hannunku sai da kuɗi ko takardar da ta faɗi ranar biya. "Bari sabon ɗan haya ya shigo" ba rana ba ce. In ya ƙi, ku fara da shaidunku da mai unguwa, sannan ma'aikacin shari'a mai kai takardar gargaɗi, sai kotu in ta kama.