Sharhi: Kuɗin leda da fuskokin da ke kansu

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi masu tara kuɗin leda, wato takardun kuɗin da ake bugawa a kan roba, suna adana su saboda tarihin da ke jikinsu.

Ostireliya ce ta fara fitar da irin wannan kuɗi a 1988 da takardar dala 10, kuma zuwa 1996 duk takardunta sun koma leda. A Afirka Zambiya ce ta buɗe fage a 2003. Najeriya ta bi sahu a 2007 da naira 20 mai hoton Janar Murtala Muhammed, a bayanta kuma ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. A 2009 naira 5 ta Tafawa Ɓalewa, naira 10 ta Alvan Ikoku da naira 50 suka biyo baya.

Waɗannan fuskoki su ne gishirin harkar, domin wanda ƙasa ta ɗora a kuɗinta shi take so jikoki su sani. Birtaniya ta sa Winston Churchill a fam 5 a 2016, sannan masanin lissafi Alan Turing a fam 50 a 2021. Wadda ta fi jan hankali ita ce dala 10 ta Kanada ta 2018, wadda aka tsara a tsaye maimakon a kwance. Tana ɗauke da Viola Desmond, baƙar fatar da aka kama a 1946 saboda ta ƙi tashi daga kujerun da aka keɓe wa farare a wani gidan silima. Mai fara tarawa gara ya zaɓi jigo ɗaya, misali mata ko shugabannin farko, da ya riƙa tsintar duk abin da ya gani.

Sai dai ƙarkon leda na yaudarar mutane. Ba ta jiƙewa, ba ta ruɓewa, amma tawadar a samanta take zaune, ba ta shiga jikinta ba. Ninki ɗaya kan bar layin da ba ya gyaruwa, kuma a kan layin ne tawada ke fara goguwa, sau da yawa daidai kan fuskar da ake so. Kada a kusanta ta da dutsen guga, zafi na sa ta ƙanƙance ta murɗe. Kada a huda ta da allura ko a maƙala mata ƙarfe, don ƙaramar tsaga a gefe kan zarce har ɗaya gefen. A guji goge ta da sinadari. A riƙe ta ta gefe, saboda tagar nan mai haske da ake hango bayanta tana saurin nuna karce da zanen yatsa.

Wajen ajiya, kowace takarda a rigarta ita kaɗai, a kwance, nesa da rana. Rigar ta zama ta roba mai tauri irin ta foliyesta. Roba mai laushi ta PVC kan tsatso da maiƙo a hankali, ya manne wa tawada har ya ɗaga ta.

Kafin saye a duba shekara, sa hannun gwamnan babban banki da lambar takarda, domin ƙananan lambobi na bugun farko sun fi daraja. Kamfanonin tantancewa na ba wa takarda maki daga 1 zuwa 70 gwargwadon kyawun yanayinta. Kuskuren bugu ma ba kullum yake ƙara daraja ba. Dala 50 ta Ostireliya ta 2018 mai hoton Edith Cowan, mace ta farko da ta zama 'yar majalisa a ƙasar, ta fito da kalmar da harafi ɗaya ya ɓace a ƙananan rubutunta, amma miliyoyin takardu ne ke ɗauke da kuskuren, don haka samunta ba wuya.