Gawo, aduwa da kurna: abincin shanu a bakin iyakar gona

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga gona nake magana nan bayan Maiwurno a ƙasar Sudan, ƙanena ne riƙe da wayar, in kun ji ƙara iska ce ku yi haƙuri. Ga shi mun shiga watan huɗu, ciyawa ta ƙare ƙaf, karan dawar da aka tara ya kusa ƙarewa, ambaz kuwa, wato tunkuzar da ke ragewa in an matse mai, duk wanda ya leƙa kasuwar Sinnar ya san inda kuɗinsa ya kai. To ni abin da ke riƙe min shanu a irin wannan lokaci su ne itatuwan nan da kuke gani jere a bakin iyaka.

Kai matso nan ka nuna musu. Wannan gawo ne, haraz inji Larabawa. Shi Allah ya yi shi daban, da damina yake zubar da ganye, rani na shiga sai ya yi kore shar, wato daidai lokacin da dabba ke nema. 'Ya'yansa masu lanƙwasa ɗin nan da ke zubowa, ni ba na bari shanu su tsince su a ƙasa, tara su nake a buhu su bushe sosai sannan a daka a turmi. Dalili, ƙwayar ciki tauri gare ta, in saniya ta haɗiye ta haka nan fita take yi a kashi ba ta amfane ta da komai ba. A daka a gauraya da dusa da ɗan gishiri, da yamma in sun dawo kiwo. Masu tatsa nake fara ba wa.

Yanzu saran reshe, nan ne nake so ku natsu don ni na yi ɓarna a nan. Barandaminka ya zama da kaifi, wannan kun sani. Ba daga sama za ka fara ba. Ka fara ɗan sara ta ƙasan reshen, kamar haka, a'a tsaya wannan ya yi kauri, bari in kama wancan mai kamar damtsen hannu. Yawwa. Sara biyu uku ta ƙasa, sannan ka dawo ta sama. In ka fara ta sama nauyin reshen zai karye shi ya ja ɓawon har jikin icen, wata kurna da mahaifinmu ya bari haka na yi mata ina saurayi, ɓawon ya ɗaye kusan kamu biyu, gefen nan har yau bai sake toho ba, kullum na wuce sai na ji ba daɗi. Kuma kar ka aske icen tas, kashi ɗaya cikin uku ya isa, baɗi ka koma wani gefen. Saran reshe nake cewa fa, kayar da ice maganar hukumar gandun daji ce.

Aduwa da kurna, wato hijlij da sidir, ƙaya gare su, saniya kuma ba akuya ba ce ko raƙumi da za ta bi tsakanin ƙaya tana tsinka. Shimfiɗa buhu ka ɗora rassan kwana ɗaya ko biyu, ka buga da sanda ganyen ya zube, ƙayar kuma ta tafi shinge.

Bagaruwa a ba su kaɗan kaɗan, abin da ke jeme fata ne a cikinta. Miskit kuwa, baƙon icen nan mai ƙaya, don Allah kar wanda ya ce maka ka yi shinge da shi, tun 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi, in saniya ta daɗe tana cin 'ya'yansa da yawa muƙamuƙinta ke saki ta kasa tuƙa, irinsa kuma ta baza maka shi a gona.

Mai son dashen gawo ina da su a leda, na riga na jiƙa irin a ruwan zafi ya tsiro, sai ruwa ya sauka a watan bakwai a dasa. Ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kai juya wayar, ga jar saniyar can ta nufo buhun, kore ta tukun.