Yadda ake horar da likitan barci

Mai ciwon ciki zai iya nuna wa likita inda ke masa ciwo. Mai matsalar barci kuwa ba shi da masaniyar abin da ke faruwa da shi, domin lokacin da abin ke aukuwa yana can yana sharar barci. Iyakar abin da zai ce shi ne, "Likita, kullum a gajiye nake tashi." Shi ya sa aka ware wa barci fanni guda a aikin likita.

Fannin ba tsoho ba ne. Sai a 1953 aka gano matakin barcin da idanu ke yawo a rufe, a Jami'ar Chicago, sannan a 1970 likita William Dement ya buɗe asibitin barci a Jami'ar Stanford da ke Amurka. A Amurka yau, sai likita ya gama ƙwarewa a wani fanni tukuna, kamar na jijiyoyi, ko yara, ko taɓin hankali, ko kunne da hanci da maƙogwaro, kafin ya ƙara shekara guda cur a kan barci kaɗai.

Babban aikin shekarar nan shi ne karanta gwajin dare. Ana manna wa majiyyaci wayoyi a ka, da gefen idanu, da haɓa, da ƙafafu, a ɗaura masa ɗamara a ƙirji da ciki, a maƙala masa na'urar auna iskar oksijin a yatsa. Da safe a raba sakamakon daƙiƙa 30-30. Barcin awa 8 ya zama shafi 960 ke nan, kuma mai koyo haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Me yake nema? Inda numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye. Idan hakan ya kai sau 30 a awa guda, ciwon ɗaukewar numfashi a barci ya yi tsanani, kuma yana da alaƙa da hawan jini. Wannan minsharin da mutanen gida ke yi wa dariya, wani lokaci shi ne alamar.

Daga nan sai magani. Zai koyi saita CPAP, na'urar da Colin Sullivan ya fito da ita a Ostireliya a 1981, wadda ke hura iska ta takunkumi don kada maƙogwaro ya rufe. Mai fama da rashin barci kuma, ba ƙwaya ake fara rubuta masa ba: ana fara gyara masa lokutan kwanciya da tashi, da fargabar da ke hana shi runtsawa.