Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi Daga Kwamitin Ciyarwa na Zawiyar Marigayi Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Hakimi, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Dagaci, masu unguwanni, limamai da iyayenmu mata, barkanmu da haɗuwa. A madadin iyalan Malam da almajiransa, muna yi maka maraba da sauka, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, Malam, Allah ya gafarta masa, ya bar mana gona, rumbu da tukunya, tare da wasiyya cewa kada a sauke tukunyar lokacin marka. Da azumi kowa mai kyauta ne, kunu da ƙosai har su yi yawa. Amma a watan Yuli da Agusta, tsohon hatsi ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, farashi ya tashi a kasuwar Shuwarin, a nan ne magidanci yake kwana da yunwa bai gaya wa kowa ba. Saboda waɗannan watanni muke tanadi.

Gonar waƙafi da gayya ake nomanta. Da kaka kuma sai zakka ta shigo: wanda ya samu wasƙi 5, wato sa'i 300, yana fitar da ɗaya bisa goma idan da ruwan sama ya noma, rabin haka idan da injin ban ruwa ne. Gero muna barinsa a dami cikin rumbu, don a zangarniya ya fi daɗewa. Dawa da masara ake sussukawa a ɗura a buhu, bayan an tauna ƙwaya an ji ta fashe ƙas. Idan ta lotsa a haƙori, a mayar da ita shanya, in ba haka ba fumfuna za ta ci buhun. Kuma ba a jibge buhu a dandaryar ƙasa ko a jingina shi da bango. Katako ake shimfiɗawa saboda danshi da gara. Wake shi ne mai wahala, ƙwaro ke mayar da shi gari. Buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowacce daban, ya fi ƙwayar maganin da wasu ke jefawa cikin abinci.

Buhu yana ɗaukar tiya wajen 40, tiya guda kuma tana yi wa yara kamar goma tuwon dare. Da wannan lissafi ake aunawa mata masu girki kowace safiya, da kuka da daddawa, sai kunu idan gari ya waye. Gidajen marayu da zawarawa kuwa tsaba ake kai musu bayan sallar isha'i, ba kiran suna, ba ɗaukar hoto. Malam bai yarda a tara mabuƙata a layi ba, mu ma ba ma yi.

Kokenmu biyu ne, ranka ya daɗe. A umarci masu unguwanni su tsaya kan zakka tun hatsi yana masussuka, kafin 'yan sari su kwashe. Sannan a isar da buƙatarmu ga kwamitin zakka na Masarautar Dutse, domin rufin ɗakin ajiyarmu yana yoyo, kwano da siminti muke nema kafin ruwa ya sauka.

Bayan addu'a, muna roƙon Mai Girma ya taka ya duba rumbun da idonsa. Allah ya mayar da kai gida lafiya.