Takardar Asali Ba Ta Hana Kare Haki

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani likitan dabbobi ya yi wa mafarauta da 'yan sintiri da ɗalibai a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Sarkin Baka, iyayena mafarauta, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Bara cikin Afrilu aka kawo mini wani ƙaton kare a bayan mota, gashi buzu-buzu har ba ka ganin idonsa. Irin nan ne da ake kira Kokeshiyan, asalinsa duwatsun Kokesos masu ƙanƙara. Harshe waje, yana haki kamar zugazugin maƙeri. Mai shi ya ce kuɗin da ya saye shi ya isa sayen bajimi, ya miƙo mini takardar asalinsa har kakanni. Na ce, Alhaji, ajiye takarda, a kawo ruwa. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, kun kuwa san Afrilun garin nan, ma'aunin zafi na haura 40. Muka jiƙa shi, muka ƙara masa ruwa, da ƙyar ya miƙe.

To mece ce takardar nan? A 1873 aka kafa ƙungiyar rajistar karnuka a Ingila, Amurka ta biyo baya a 1884. Sannu a hankali aka rufe littafi: ba a kiran kare ɗan asali sai iyayensa na ciki. Sai dangi ya koma yi wa dangi barbara, namiji ɗaya da ya ci gasa ya haifi ɗaruruwa. Kun san sikila: uwa AS, uba AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Haka cututtukan gado ke ɓuya a jinin kare, sai jini ya haɗu da ɗan'uwansa su fito fili. Bafulatani bai shiga jami'a ba, amma ba ya barin bajimi ɗaya ya yi ta hawan 'ya'yansa shekara da shekaru.

Karen 'yan sanda, Jaman Shefad, wanda aka fara yi wa rajista a Jamus a 1899, sananne ne da ciwon ƙugu. Ƙashin cinya ba ya zama daidai cikin gurbinsa, sai ka ga ƙato yana jan ƙafafun baya. Buldog kuwa abin tausayi ne. An yi ta zaɓar masu gajeren hanci don kyan gani har hanyar numfashi ta matse, kai ya yi girma. Wani bincike a Ingila a 2010 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwarsu sai da tiyata. Dabbar da ba ta iya haihuwa sai an yanka cikinta, jama'a! A 2023 kotun ƙolin ƙasar Nowe ta hana hayayyafa wani jinsin ƙaramin kare mai suna Kabaliya, saboda cututtukan gadon da suka yi wa jinsin katutu.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce likita ya ce ruwa biyu shi ne magani. A 2013 Jami'ar Kalifoniya da ke Debis ta duba bayanan karnuka sama da 27,000 kan cututtukan gado 24. Goma sun fi kama 'yan asali, ɗaya ta fi kama ruwa biyu, 13 kuwa ba su bar kowa ba. Ka haɗa gurgu da gurguwa, ko jinsinsu daban, kada ka yi mamakin kwikwiyo.

Namu na gida fa, da muke rainawa? Siriri, dogayen ƙafafu, gajeren gashi, ya yi kama da Azawak na Buzayen Nijar da Mali, wanda Turawa ke saye da tsada. Rana ce ta tace shi, da kaska, da gudun bin zomo. Abin da ke kashe shi sakacinmu ne: tsutsar ciki, yunwa, rashin allura. Ciwon haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a duniya duk shekara, alhali ana sarrafa allurar rigakafinsa a Vom, jihar Filato.

Addini ya yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da gona. Hukuncin cinikinsa na bar wa malamai, sun yi saɓani a kai. Ni dai na san an gafarta wa mutum don ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi. Ina kuma wanda ya kulle karya a keji, duk lokacin da ta nemi namiji ya sa a hau ta don ya sayar da 'ya'ya, har ta ƙare? Wanda ya san karensa na da ciwon ƙugu ya ɓoye wa mai saye, da a kara ya yi haka da saniya, kun san sunan da za a kira shi.

In za ka sayi kwikwiyo, ka ce a fito da uwar ta yi tafiya a gabanka, ka saurari numfashinta, ka tambayi dangantakarta da uban, ka nemi katin allura.

Na ga Sarkin Baka ya ɗaga hannu. Bismillah, ranka ya daɗe.