Sholay da Aag: An kwashe ganye an bar saiwa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wani matashi ne ya tsokano ni a teburin mai shayi, wai tsofaffin finafinan Indiya sun ci zamaninsu, a sake su da sabuwar kyamara kowa ya huta. To, bari in ba shi labarin wanda ya gwada.

A watan Agustan 1975 Sholay ya fito, Ramesh Sippy ya ba da umarni, Salim da Javed suka rubuta. Duk wanda ya taɓa bin layin tikiti a silimun Kano ya san shi. Tsohon ɗan sanda ne, Thakur, ya ɗauko ɓarayi biyu, Jai da Veeru, su kamo masa Gabbar Singh, ɗan fashin da ya karkashe iyalinsa, ya sare masa hannuwa biyu. Shekara biyar ana haska shi a silima ɗaya, Minerva, a Bombay.

A 2007 sai darakta Ram Gopal Varma ya ce shi ma zai yi nasa. Iyalan Sippy suka maka shi a kotu a Delhi, dole ya sauya suna, fim ya koma Aag, Gabbar ya koma Babban Singh. Kuɗi akwai, taurari akwai: Ajay Devgn, Mohanlal, ga Amitabh Bachchan da kansa, wanda ya fito a Jai wancan karon, yanzu shi ne mugun. Fim ya faɗi ƙasa warwas.

Me ya kayar da shi? Ya tuge labarin daga ƙasarsa. Ramgarh, inda labarin Sholay ya faru, ƙauye ne a tsakanin duwatsu, hukuma na nesa, manoma na auna wa 'yan fashi hatsi don su kwana lafiya. A irin wannan wuri, mutumin da ba shi da hannu ya ɗauki ɓarayi haya, hankali zai ɗauka. Varma ya kinkimi wannan labari ya dire shi a tsakiyar birnin Mumbai, ga ofisoshin 'yan sanda, ga waya a aljihun kowa. Haba! Ya kwashi ganye ya bar saiwa a Ramgarh. Thakur hannuwa ya rasa, shi ya sa da ƙafa ya tattake Gabbar a ƙarshe. Na Varma yatsu aka yanke masa. Amjad Khan kuwa, lokacin da ya fito a Gabbar, kusan ba wanda ya san fuskarsa, don haka tsoronsa ya shiga mutane. Babban fa? Kowa na kallonsa yana cewa ga Amitabh ya sha kwalliya.

Na san za a ce ai Sholay ma aro ya yi, daga Seven Samurai na Japan da finafinan kaboyi. Gaskiya ne, sai me? Sippy iri ya aro, ya shuka a ƙasar Indiya, ya tsiro da harshenta da waƙoƙinta da bikin Holi. Wani kuma zai kawo mini Don na 2006, wanda Shah Rukh Khan ya gaji Amitabh na 1978, aka kuma samu kasuwa. Wannan na ɗan sassauta masa, don daraktansa Farhan Akhtar ya juya ƙarshen labarin, ya shammaci waɗanda suka haddace na farko. Ko ya kai na asali? Ina tababa. Amma dai ya zo da abinsa.

'Yan Kannywood ɗinmu masu kwaso labarin Indiya su sa masa hula da mayafi, da ku nake. Shi kuwa yaron nan na teburin shayi, na ce ya nemo Aag ya kalla. Idan ya iya kai ƙarshensa, shayin gobe ni zan biya.