Madubin da Ba Ya Yi Wa Maharbi Ƙarya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Nan Tekzas ƙarfe bakwai da rabi na safe, na san a gida ana shirin sallar azahar. Mun yi sammako ne da gangan, don in rana ta ɗaga a filin nan, abin da na zo nuna muku ba zai ganu da kyau ba. Auta ne ke riƙe da kyamara yau. Auta, fara nuna musu bindigar tukuna. Kun gani, babu harsashi a ciki, na zare sakatar na ajiye a gefe, ga tutar roba a cikin ɗakin harsashi. Haka dokar filin take, kuma haka nake yi ko da ni kaɗai ne.

To, ga kwalin da na yi wata tara ina tara wa kuɗi. Madubin bindiga ne, na harbin nesa. Kafin in buɗe shi sai na ba ku labarin abin da ya sa na sauya wanda nake da shi, don a nan darasin yake.

Bara na shiga gasa irin ta Precision Rifle Series, wadda ake kira PRS. Gasar harbin faranti ce na ƙarfe, daga yadi 300 har zuwa 1,000 da ɗoriya, a ba ka kamar minti ɗaya da rabi ko biyu ka yi harbi goma, wani lokaci a kan taya, wani lokaci a kan shinge ko dutse. Bindigata 6.5 Creedmoor ce, harsashin da kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007. A kusa komai na tafiya daidai. Yadi 400, ƙwal. Yadi 500, ƙwal. Da muka kai farantin yadi 900, mai faɗin inci 12, na murɗa abin da na'urar lissafi ta ba ni, mil 7.5 (mil ma'aunin kusurwa ne da ake ɗaga saitin madubi da shi), na danna. Ƙura ta tashi a ƙasan farantin. Na sake, ƙasa. Na sake, ƙasa. Wallahi ranar na koma gida zuciyata a jagule. Na zargi harsashi, na zargi bakin bindiga, na zargi hannuna. Madubi kam ban ko kawo shi a rai ba, tunda hotonsa garau yake kamar ruwan rijiya.

Mako biyu bayan nan wani dattijo da ke yawan zuwa filin nan, tsohon maharbi mai farin gemu, ya ga ina ta ɓarnar harsashi. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa auna madubin nan?" Na ce, "Baba, ai sabo ne." Ya ce, "Ban tambaye ka shekarunsa ba." Ya ɗauko dogon kwali, ya rataya igiya mai dalma a ƙasa don ta miƙe sak, ya ja layi a bin ta, ya ɗiga baƙi a ƙasan layin. Muka auna yadi 100 da tef, ba da ido ba. Na harba uku a kan ɗigon. Ya ce in murɗa mil 10 sama, in ci gaba da saita ɗigon nan dai. Na harba uku. Ya sa tef tsakanin rukunin ƙasa da na sama. Kamata ya yi a samu inci 36 cif. Inci 35 muka samu.

Inci ɗaya, za ku ce mene ne a ciki? Ku yi lissafin tare da ni. Kusan kashi 3 cikin 100 ke nan madubin yake tauye mini a duk murɗawa. A mil 7.5, ya ci mini kamar 0.2. A yadi 900, mil ɗaya inci 32 ne da ɗan ɗori, saboda haka harsashina yana sauka kusan inci 7 ƙasa da inda na nufa. Farantin kuwa daga tsakiya zuwa gefe inci 6 ne. Ko da hannuna bai motsa ko kaɗan ba, ba zan same shi ba. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don wataƙila nawa ne kawai aka yi rashin sa'a da shi. Amma tun ranar na daina tambayar "yaya hasken gilashin?" a matsayin tambayar farko. Tambayata ta farko ita ce: in na ce masa goma, goma yake ba ni?

Auta, matso da kyamarar nan kan teburin. Wannan abin murɗawa na sama, masu harkar suna ce masa taret. Ku saurara. Ƙas, ƙas, ƙas. Kowace ƙara ɗaya 0.1 na mil ce, wato santimita 1 a mita 100. A cikin bututun akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da gilasai, sukurori ne ke tura shi, sifirin yana tare shi daga ɗaya gefen. Mafi yawan kuɗin da kake biya a babban madubi, a wannan wurin da ido ba ya gani suke tafiya: zaren sukurun ya zama daidai daga farko har ƙarshe, sifirin kada ya gaji, in ka hau sama ka dawo sau dubu ya dawo inda ka bar shi. A yadi 1,000 harsashina yana neman kusan mil 9, wato yana faɗuwa wajen mita 8 ƙasa da layin da na saita shi a kusa. Tsayin bene ne guda. Duk wannan taret ne ke cike shi, to in yana ha'inci ina zancen samu?

Tunda na ambaci mil, bari in taɓa wannan a gurguje. Ma'auni biyu ne a kasuwa, mil da MOA. MOA ɗaya inci 1.047 ne a yadi 100, mil ɗaya kuma ya kai MOA 3.4 da 'yan kai. Babu wanda ya fi wani daidai. Ni mil na ɗauka, don kusan duk abokan gasata da shi suke magana, in wani ya ce mini "ƙara biyu hagu" ba sai na tsaya lissafi ba, kuma mu da muka tashi da mita da santimita ya fi kwanta mana. Abin da kawai zan roƙe ku, kada ku sayi wanda layukan cikinsa mil ne taret ɗinsa MOA. Akwai irinsu cikin tsofaffin kaya, ciwon kai ne zalla.

Sai maganar girman hoto, inda 'yan kasuwa suka fi kama sababbin shiga. Ka ga an rubuta 6-36x56, wato yana ƙara girman hoto daga sau 6 zuwa sau 36, gilashin gabansa kuma milimita 56 ne, ranka ya biya da 36 ɗin nan. Ni ma haka na fara. Amma ku duba can, Auta juya musu wajen tudun. Yanzu da sanyin safiya farantan suna tsaye cak. Ku ba shi zuwa ƙarfe goma sha ɗaya. Kawalwalniyar nan da muke gani a kan kwalta in ana tafiya Kano zuwa Katsina da bazara, wadda take kamar ruwa ya kwanta a gaba, ita ce ke tashi a nan tsakaninka da farantin. In ka ƙure girman hoto, ita ma ka ƙure ta, sai farantin ya riƙa rawa kamar kana kallonsa ta cikin tafasasshen ruwa. Ga shi filin da kake gani ya tsuke, bindiga ta ɗan zabura ka rasa inda harsashi ya sauka, ka ɓata daƙiƙa goma kana laluben faranti na gaba. Sannan hasken da ke fitowa zuwa idonka yana ƙanƙancewa: raba 56 da 36, milimita ɗaya da rabi ke nan da kaɗan, ka ɗan karkata kai sai duhu. A 15 kuwa ya kusa milimita 4, ido yana samun sarari. Ni a gasa tsakanin 12 da 18 nake zama, kuma yawancin waɗanda nake gani suna cin kofi nan suke. Babban girman yana da ranarsa, wajen saiti a yadi 100 ko duba ramin harsashi a takarda.

Kuma kawalwalniyar nan ba abokiyar gaba ba ce kawai. Da madubi mai gilashin kirki kana ganin inda take kwarara, hagu ko dama, a kwance ko a tsaye, ita ce ke gaya maka abin da iska ke yi a can tsakiyar hanya, inda na'urar auna iska ta Kestrel da ke hannunka ba ta kai ba. A nan ne gilashi mai tsada yake biyan kuɗinsa. Ban ce gilashi ba shi da amfani ba, na ce dai shi ne na biyu.

Layukan ciki kuma, ku nemi wanda aka rubuta FFP a kwalinsa. Ma'anarsa layukan suna girma suna ƙanƙancewa tare da hoton, saboda haka mil ɗaya mil ɗaya ne ko kana kan 8 ko kana kan 30. Ɗaya nau'in, SFP, layukan ba sa canjawa, awonsu yana daidai ne a girma ɗaya tak. Ga mafarauci a kurmi ba laifi. Ga mai faranti biyar a nisa biyar cikin daƙiƙa 90, tarko ne. Nawa yana da ɗige-ɗige a ƙasa da suka bazu kamar rassan bishiya, don in lokaci ya ƙure ba sai na murɗa ba, sai in ɗaga in riƙe a kan ɗigon da ya dace, har da na iska.

Waɗanda na duba kafin in yanke shawara, duk na ɗora idona a kansu a nan filin, don mutanen harkar nan ba su da rowa, ka tambaya sai su ce kwanta ka leƙa. Schmidt & Bender PM II 5-25x56 na Jamus, shi ne tsohon hannu, da shi aka daɗe ana auna sauran. Nightforce ATACR 7-35x56, kamfanin yana Orofino a jihar Idaho, an san shi da jure wahala. Kahles K525i na Ostiriya ya burge ni ta wani gefe: abin gyara faralas ɗinsa a sama yake a gindin taret, kuma kana iya zaɓar na iska ya zauna a hagu, ta yadda hannun damanka ba zai bar wurinsa ba. Faralas, ga wanda bai sani ba, shi ne in ka motsa kai ka ga layukan suna yawo a kan faranti, sai ka murza har su tsaya. Akwai Leupold Mark 5HD na jihar Oregon, mara nauyi, bai kai kilo ɗaya ba. Akwai Zero Compromise ZC527, akwai Tangent Theta na Kanada, wanda ƙarar taret ɗinsa kaɗai in ka ji sai ka jinjina. Manyan nan yawanci daga wajen dala 3,000 suke tashi har su haura 5,000, Leupold ɗin yana ƙasa da haka.

Ga wanda na ɗauka. Bismillah. Vortex Razor HD Gen III, 6-36x56. Kamfanin yana Barneveld a Wisconsin, amma wannan a Japan ake ƙera shi. Auta, ɗaga ka ji. Ka ji ko? Ya haura kilo ɗaya da kwata. In farauta zan je ina hawan duwatsu ba zan so shi ba, amma a gasa nauyi alheri ne, yana kwantar da bindiga ka ga saukar harsashinka da idonka. Dalilina uku ne, kuma ba zan ɓoye muku ba kuɗi na ciki. Layukansa sun dace da idona. Garantinsu na har abada ne, ko kai ka yar da shi ya fashe suna gyarawa ko su sauya. Sannan rarar da ta saura tsakaninsa da mafi tsada ta isa ta saya mini harsashin atisaye na watanni, kuma a matakin da nake, atisayen ya fi yi mini amfani.

Ku lura da kaurin bututu wajen sayen mariƙi. Wannan milimita 34 ne, Leupold ɗin 35, ZC527 kuma 36, kowanne da zobensa. Kaurin ba haske yake ƙarawa ba kamar yadda ake yaɗawa, wurin motsi yake ba taret. Kuma kada ka ɗora madubin dala dubu uku a kan zobe mai araha, araha ba ta ado. Mun ɗan tsayar da kyamara na ɗaura shi a kan bindiga, na Spuhr na sa, na ƙasar Suwidin, na ɗaure sukurorin da sifana mai awon ƙarfi daidai yadda takardar ta ce, don in ka matse fiye da kima kana iya danne bututun ciki. Ga ɗan ruwan awo a gefe, shi ke nuna mini ko bindiga ta karkata.

Wata magana guda, don 'yan'uwa da dama sun kira ni a kanta. Don Allah kada a ce in sayo in aiko gida. Irin waɗannan madubai suna ƙarƙashin dokar fitar da kaya ta Amurka, sai da izinin gwamnati, kuma a Najeriya riƙe bindiga kansa sai da lasisi. Wannan wasa ne da nake yi a fili mai rajista, a ƙarƙashin dokar inda nake zaune, kuma a nan zai tsaya.

To, sunan kamfani bai sa na ɗauke masa jarabawa ba. Ga kwalin can na kafa tun da asuba, ga igiyar da dalmarta, na auna yadi 100 da tef daga taret zuwa takardar. Na riga na yi saiti, uku na ƙasa suna nan a manne da juna. Auta, sa abin toshe kunnenka, ka koma bayan layin ja. Zan murɗa goma. Zagaye ɗaya ke nan cif a wannan madubin. Ɗigon ƙasa nake kallo har yanzu.

Uku sun tafi. An ba da izinin shiga fili, mu je.

Riƙe mini bakin tef ɗin a tsakiyar na ƙasa. Kar ka ja, sake shi ya kwanta a bin layi. Nuna musu lambar da kyau. Talatin da shida. Alhamdu lillahi. Kuma ku duba, ramukan a kan layin suke, ba su kauce hagu ko dama ba, wato madubin a miƙe na ɗaura shi. Saura in dawo da taret sifili in ƙara ɗaya, in ga ko zai koma cikin ramukan farko. In ya koma, sai mu wuce farantin yadi 900 kafin rana ta yi zafi. In an same shi ba nan take za ku ji ba, sai ƙarar ta yi kamar daƙiƙa biyu da rabi tana dawowa. Auta, ka bar kyamarar a kunne.